Ɗana wata 20 bai zauna ba, likita ya ce ƙwaƙwalwa ce ta samu rauni. Me ke kawo hakan?

Dan_Taura:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah ma'aikatan lafiya da iyayen da Allah ya jarraba da irin wannan ku taimaka min. Ina da yaro ɗan fari, sunan mahaifina ya ci muna ce masa Abba, yau watansa 20 amma bai zauna da kansa ba balle rarrafe, sai an tokare shi da filo. Wuyan ma kwanan nan ya fara ɗan tsayawa. In ka ɗaga shi tsaye ƙafafun sai su miƙe su harɗe kamar almakashi, hannu kullum a dunƙule babban yatsa a ciki, wajen wanka uwar sai ta yi da gaske kafin ta buɗe hammatarsa. Amma fa yana gane mu, in na dawo da mashin tun daga zaure yake fara dariya. Satin da ya wuce na kai shi babban asibiti likita ya rubuta CP (cerebral palsy) a kati, ya ce ƙwaƙwalwarsa ce ta samu rauni, ya tura mu wajen masu gashin ƙashi. Layi ya yi yawa ban samu na tambaye shi da kyau ba. A gida Innarmu ta ce ɗan ruwa ne don uwar ta je rafi da almuru tana da ciki, yayana ya ce shan inna ne. Abin da ya fi ɗaure min kai akwai wata yarinya a ƙauyen gaba da mu ita ma CP ɗin aka rubuta mata, amma ita ba ta sandare ba, jikinta ne kullum yake murɗawa. Ta yaya ciwo ɗaya zai zo kala biyu? Kuma me ke kawo shi? Maiɗakina na da cikin wata huɗu yanzu, wallahi bacci ba ya ɗaukata sosai.

Ummu_Khairat:
Wa alaikumus salam. Allah sarki Abba. Allah ya ba shi lafiya ya ba ku ladan jinya.

Sarkin_Noman_Gujungu:
Ni dai a sanina duk yaron da ƙafa ta ƙi taka ƙasa shan inna ne. An ɗiga masa maganin foliyo kuwa?

Sista_Ringim:
A'a Baba, ba shan inna ba ne, kuma bambancin a fili yake. Shan inna ƙwayar cuta ce ke shiga ta baki ta je ta lalata jijiyoyin laka, yaro yana lafiyarsa ƙalau wataƙila ma yana tafiya, sai zazzaɓi, sai ƙafa ta saki ta yi laƙwas kamar tsumma daga baya ta shanye ta sirance. Abba kuwa ƙafarsa ba saki ta yi ba, ƙagewa ta yi. Kuma tun watan Agustan 2020 aka tabbatar babu asalin ƙwayar foliyo ta daji a Najeriya, wadda aka gani ta ƙarshe a Borno ne 2016, duk da ana ci gaba da ɗigon saboda wani nau'in da ya rage. Shi CP ƙafar lafiyarta lau, tsokar ma lafiya lau, wurin da ke ba su umarni a ƙwaƙwalwa ne ya ji ciwo tun yana ciki, ko wajen haihuwa, ko yana jariri. Malam Dan_Taura ka ba mu labarin haihuwarsa. A ina aka haife shi, naƙudar ta kai awa nawa, watanninsa sun cika, ya yi kuka da ya faɗo? Ya yi shawara a satin farko?

Dan_Taura:
Sista watanninsa sun cika. A gidansu ta haihu don ta je goyon ciki. Abin da na samu labari daga baya ciwon ya fara mata tun daren Talata amma ta yi shiru saboda kunya, kin san haihuwar fari, sai Laraba da hantsi aka gane. Aka kira ungozoma aka ba ta rubutu, da yamma wani mai kemis ya zo ya yi mata allurar naƙuda. Lokacin damina ce tsakiyar Agusta hanyarsu ruwa ya cinye ta mota ba ta shiga. Sai asubar Alhamis ta haihu. Bai yi kuka ba, an ce jikinsa ya yi wani shuɗi-shuɗi, suka yi ta kaɗa masa kwano a kunne suna yayyafa ruwan sanyi, an jima sosai kafin ya yi wani ɗan ƙara. Kwana biyu bai kama nono ba, kuma yana wani ƙifta ido da karkarwar hannu. Shawara dai ban ji an ce ya yi ba.

Sista_Ringim:
Innalillahi. Ba zan yanke hukunci ta waya ba, likitan da ya duba shi ne mai wannan, amma labarin nan ya yi kama ƙwarai da na yaran da suka rasa iska wajen haihuwa. Jariri a ciki ta mabiya da cibiya yake samun iskar oksijin, duk sanda mahaifa ta matse jinin da ke zuwa masa raguwa yake, in ta saki ya dawo. To in naƙuda ta yi tsawo ko aka yi allurar da ke sa mahaifa ta matse ba hutu, yaron ba ya samun wannan sararin. Wannan allurar a asibiti ma da lissafi muke sa ta cikin ƙarin ruwa muna sauraron bugun zuciyar ɗan, ba abin yi a ɗaki ba ce sam. Sannan minti ɗaya na farko bayan ya faɗo, in an goge shi an shafa bayansa bai numfasa ba, akwai 'yar roba da muke ɗora masa a hanci da baki muna matsa masa iska. Kwano ba ya kai iska huhu. Karkarwar da kuka gani kuma mai yiwuwa jijjiga ce ta jarirai.

Auwal_Mai_Shayi:
Sai an yi magana a ce asibiti asibiti. Iyayenmu goma goma suka haifa a ɗaki ba abin da ya same mu. Ni ina ganin waɗannan cututtukan na zamani ne, alluran da ake ta yi wa yara da kayan gwangwani da magi.

Hajiya_Yar_Gaya:
Auwalu ɗana, ni na haura sittin, goma na haifa a ɗaki kamar yadda ka ce, shida ne suka rayu. Biyu ko kukan farko ba su yi ba. Irin su Abba kuwa tun muna yara akwai su, a ƙuryar ɗaki ake ajiye su ba a fitowa da su, ana ce musu 'yan ruwa, yawancinsu ba sa daɗewa. Ba sabon abu ba ne, fito da su ne ba a yi.

Dalibin_Lafiya:
Gaskiyar Hajiya. Tun a shekarun 1860 wani likitan ƙashi a Ingila mai suna William Little ya yi rubutu a kan yaran da gaɓoɓinsu ke ƙagewa, ya danganta abin da wahalar haihuwa da haihuwar bakwaini. Lokacin ba magi ba allurar foliyo. Yanzu ma a duniya ana lissafin kamar yara 2 zuwa 3 cikin kowane 1000 da aka haifa.

Maman_Walida:
Baban Abba sannu da ƙoƙari, ba kowane uba ne zai tsaya ya yi tambaya ba. Ni 'yata irin ta ƙauyen gabanku ce, mai murɗewar. Bari in ba ku labarina ko wata za ta tsira. Walida lafiya lau na haife ta, kukanta har maƙwabta sun ji, ta kama nono a take. Kwana uku sai na ga farin idonta ya yi ɗorawa, na nuna wa kakarta ta ce shawara ce kowane jariri na yi, a riƙa shanya ta a hantsi ana ba ta ruwan gulukos. Muka yi ta yi. Kwana biyar har tafin ƙafarta ya zama rawaya, ta daina tsotso, sai bacci, in ta farka kuma wani irin kuka siriri mai tsini wanda har yau in na tuna shi gabana faɗuwa yake, tana banƙarewa ƙeyarta kamar za ta taɓa bayanta. Na ce a kai ta asibiti aka ce mai jego ba ta fita a bari a yi suna, ga shi an sayi rago an gayyaci mutane. Washegarin suna muka shiga Kano, aka yi mata canjin jini a daren, likitar ta kira ni gefe ta ce min sun yi iya yinsu amma shawarar ta riga ta hau kai. Yau shekararta bakwai. In tana bacci jikinta laushi kamar kowa, da ta so ɗaukar kofi sai hannun ya tafi wani wajen, wuya ya juya, baki ya karkace. Kunnenta ma ba ya ji sosai. Amma wayo kam, ta san inda nake ɓoye kuɗin adashe, da ido take nuna wa ƙaninta. Shi ƙanin ma ya yi shawarar, kwana biyu da haihuwa na saɓa shi ban jira izinin taro ba, aka sa shi ƙarƙashin shuɗiyar fitila kwana uku, ga shi nan yana zuwa islamiyya da ƙafarsa.

Ummu_Khairat:
Maman Walida kin sa ni hawaye wallahi. Yanzu dama shawara har tana taɓa ƙwaƙwalwa? Mu nan rana kawai muke sa su.

Sista_Ringim:
Tana taɓawa Ummu, kuma a asibitocinmu na nan ita da rashin iska wajen haihuwa su ne kan gaba a abin da muke gani. Jinin jariri in yana farfashewa yana fitar da wani sinadari rawaya, bilirubin, hantarsa kuma ba ta yi ƙwarin da za ta kwashe shi da sauri ba. Kaɗan ba komai zai wuce, in ya yi yawa sai ya tsallaka ya zauna a can tsakiyar ƙwaƙwalwa wurin da ke daidaita motsi, da jijiyar ji. Shi ya sa Walida ke murɗewa kuma kunne ya taɓu. Gulukos ba ya yi, hantsi ma ba ya isa ga mai tsanani. Ku riƙa duba jariri a hasken rana kullum a satin farko, a danna goshi ko karan hanci a saki a ga launin wurin, a duba ido da dasashi. In ta fito a ranar farko, ko ta kai tafin hannu da ƙafa, ko ya ƙi nono, ba a kwana. Sannan dan Allah a raba kayan jarirai da kafur ɗin da ake zubawa a akwati. Akwai yara da yawa musamman maza da ake haifa da ƙarancin wani sinadari a jini, G6PD, su kafur farfasa musu jini yake yi, har lalle ma kar a shafa wa jariri. Uwa mai rukunin jini negatif kuma mijinta fozitif akwai allurar da ake mata cikin awa 72 bayan haihuwa don kare na gaba, shi ya sa muke gwada jini a awo.

Maman_Walida:
Sista kayan Walida kaf a cikin kafur suka yi wata uku kafin a haife ta. Ba wanda ya taɓa gaya min.

Mai_Gashi_Kano:
Ni aikina ke nan, gashin ƙashi, kuma yawancin yaran da nake gani irin su Abba ne. Bari in amsa tambayar kala biyu don na ga an biyo ta kan dalili an bar ta. Sunan ɗaya ne saboda asalin ɗaya ne, rauni a ƙwaƙwalwar da ba ta gama ginuwa ba. Amma ƙwaƙwalwa unguwa-unguwa ce, inda raunin ya faɗa shi ke nuna yadda jikin zai kasance. In ya faɗa wurin da ke aika umarni zuwa tsoka sai tsokar ta ƙage ta ƙi saki, wannan shi ne mai sandarewa, a kati za ka ga an rubuta sifastik, kuma shi ya fi yawa nesa ba kusa ba, kusan 8 cikin 10. Shi ma kansa ba iri ɗaya ba ne. Wani ɓari guda ne, hannu da ƙafar dama ko na hagu, za ka ga jariri tun bai shekara ba hannu ɗaya kawai yake miƙawa ana cewa bahago ne alhali ɗayan ne ba ya aiki. Wani ƙafafu biyu ne suka fi taɓuwa hannu da sauƙi, yana tafiya a kan yatsu gwiwoyi na gogar juna, wannan an fi ganinsa ga bakwaini. Wani kuma duka huɗun har da wuya da baya da haɗiya, kamar yadda bayanin Abba ya nuna. Na biyu shi ne na Walida, motsin da ba shi ya sa kansa ba, jiki ya yi tauri yanzu anjima ya saki. Na uku bai da yawa, raunin a ƙeya yake wurin da ke riƙe daidaito, yaron na tafiya yana tangaɗi ƙafa a wawware, in zai kai cokali baki hannu na rawa. Wasu kuma sun haɗa biyu, ga ƙagewa ga murɗewa. Abu ɗaya da nake so ka riƙe Malam, raunin ba ya ƙaruwa, ba ya yaɗuwa, ba a ɗauka. Abin da ke ƙaruwa shi ne in an bar yaro kwance wuri ɗaya, tsokar da ta ƙage sai ta gajarce gaɓa ta daskare, har ƙugu ya iya gocewa. Wannan muke yaƙa da gashi.

Dan_Taura:
Allah ya saka da alheri, yau na fahimci abin da aka rubuta min. To Malam zai yi tafiya kuwa? Gaskiya nake so.

Mai_Gashi_Kano:
Ban gan shi ba ba zan yi maka alkawari ba. Abin da muke dubawa shi ne zama, yaran da suka zauna da kansu kafin shekara biyu galibinsu suna takawa ko da da abin dafawa ne. Waɗanda abin ya kama gaɓoɓi huɗu da yawansu sai da keke. Amma tafiya ba ita kaɗai ba ce, ya riƙe wuya, ya zauna ya kalli mutane, ya ci abinci bai ƙware ba, ya nuna abin da yake so, duk ci gaba ne babba. Kuma dariyar da ka ce yana yi in ya ji mashin ɗinka alama ce mai kyau, yana ji yana ganewa. Kusan rabin masu wannan larura basirarsu daidai take da ta kowa.

Abu_Ammar_Sumaila:
Ni ban ƙaryata likitoci ba amma kar mu manta aljanu gaskiya ne, kambun baka gaskiya ne. Akwai yaron da na sani an kai shi asibiti an gaji sai da aka koma ruƙiyya. Innarku ba ta yi ƙarya ba da ta ce a kiyayi rafi da almuru.

Malam_Na_Tsangaya:
Abu Ammar, ruƙiyya da ayoyin Allah ba mai hana ta, a yi wa yaro addu'a safe da yamma a tofa masa. Amma kalmar ɗan ruwa ita ce nake ƙi, don ma'anarta wai ba ɗan mutum ba ne an musanya shi, kuma da wannan kalmar aka wulaƙanta bayin Allah da yawa, wasu aka daina ba su abinci yadda ya kamata, wasu aka saki iyayensu mata. Wannan ba ya cikin addini. Yaron ɗansa ne na cikinsa, amana ce, kuma ga sababi an bayyana a fili, kwana biyu mace na naƙuda. Ƙaddara gaskiya ce, riƙo da sababi kuma umarni ne. Dan_Taura ka bi Inna a hankali, uwa ce, tsoro ne ya sa ta faɗi haka, amma kar ka bari a ɗora wa matarka laifi.

Maganin_Gado:
Akwai haɗin da muke yi na turare da na sha, wata uku yaro zai miƙe da yardar Allah, mai buƙata ya biyo ni ta akwatin saƙo.

Admin_Zauren_Lafiya:
Maganin_Gado mun sha faɗa ba a talla a nan. Wannan gargaɗi ne na ƙarshe.

Maman_Walida:
Baban Abba kar ka bi. Ni akuya biyu da ɗan kunnen aurena suka tafi a irin wannan, hayaƙin ma tari ya sa mata har muka kwana asibiti. Inda ya mutu a ƙwaƙwalwa ba jiƙon da ke dawo da shi, likitocin ma ba su ce suna da shi ba.

Sani_POS:
Ni da kaina mai larurar ne, da hannun hagu nake rubuta wannan. Lafiya aka haife ni, ina wata bakwai sanƙarau ɗin 1996 ya kama ni, wanda ya kashe dubban mutane a arewa. Na tashi amma ɓarin dama ya tafi, hannun a lanƙwashe yake a ƙirji, ƙafar ina jan ta. Ban yi tafiya ba sai da na shekara huɗu, kuma ina shan maganin farfaɗiya har yau. Babana Allah ya jiƙansa a kan kekensa yake ɗora ni ya kai ni firamare kullum, mutane na ce masa wahalar banza yake. Na gama sakandare, ina da shago a bakin kasuwa, ina da mata da 'ya'ya biyu kuma lafiyarsu ƙalau. Abin da ya fi min ciwo ina yaro ba ƙafar ba ce, yadda ake maganata a gabana ne kamar ba na ji. Yaya Dan_Taura ku riƙa yi wa Abba hira, ku fito da shi cikin yara, yana jin komai.

Sarkin_Noman_Gujungu:
To ashe bayan haihuwa ma ana samu. Na karɓi gyara Sista, na ɗauka duk shan inna ne.

Dalibin_Lafiya:
Ana samu Baba, muddin ƙwaƙwalwar na kan ginuwa, wato shekarun farko. Sanƙarau, zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai yaro ya yi ta jijjiga ya suma, ciwon da ke shiga jini ta cibiya in an yanke da reza mara tsabta ko an shafa mata toka, faɗuwa a kan kai, nutsewa a ruwa. Allurar rigakafin da ake yi wa jarirai ma akwai masu kare wasu nau'ukan sanƙarau a ciki, Malam Auwal ka ga ita kariya ce. Wasu kuma tun a ciki abin ke faruwa ba wanda ya sani, uwa ta yi wani zazzaɓi mai ƙuraje ko wata cuta ta ratsa zuwa ɗan, ko hawan jini, ko mabiya ta saki kafin lokaci, ko jini ya toshe a kan ɗan tayin. Haihuwa kafin sati 37 da nauyin da bai kai kilo 2.5 ba suna cikin manyan dalilai, tagwaye ma haɗarinsu ya fi. A ƙasashen Turai ma bakwaini da abin da ya faru a ciki su suka fi yawa, rashin iska wajen haihuwa kaso kaɗan ne a can. Akwai kuma yaran da za a yi duk binciken ba a gano dalili ba.

Binta_Kiyawa:
Tambayata, auren zumunci fa? Ni da mijina 'ya'yan wa da ƙani ne, yaranmu biyu a jere duk ba su zauna ba, dukkansu a asibiti na haihu ba wata wahala ba shawara. Dangi na cewa daga ɓangaren uwata ne.

Mai_Gashi_Kano:
Binta sannu, Allah ya dafa miki. Galibin CP ba gadonsa ake ba, ga Sani da 'ya'yansa lafiya. Amma yara biyu a jere ba tare da wata matsalar haihuwa ba, wannan sai likitan ƙwaƙwalwar yara ya zauna a kansa, don akwai cututtukan gado da ke kama da CP a ido alhali ba shi ba ne, kuma irin waɗannan sai uwa da uba duka suna ɗauke da ƙwayar halittar suke fitowa, ba ɓangare ɗaya ba. Ki lura ko akwai abin da suka iya a da suka daina, in akwai ki faɗa wa likita don CP ba ya ƙwace abin da yaro ya riga ya koya. Ki nemi takardar turawa zuwa Asibitin Malam Aminu Kano.

Auwal_Mai_Shayi:
Ni har yanzu ban gamsu duka ba amma maganar Hajiya ta tsaya min. Innata ma ta rasa uku, ban taɓa tambayar ta yadda aka yi ba.

Ummu_Khairat:
Wai shi ne ake ce wa galahanga? Na ji a rediyo.

Sista_Ringim:
Mutane na haɗa su duka a wannan sunan Ummu, da mai CP da wanda ba ya magana ba ya cuɗanya da wanda aka haifa da wata halitta daban, alhali kowanne da dalilinsa da kulawarsa. Mu koma kan mai cikin, don ita ce abin gaggawa. Malam in dai abin da ya sami Abba daga naƙuda ne to ba dole ba ne ya maimaitu ko kaɗan. Ta fara awo cikin satin nan, a gaya musu labarin haihuwar farko kaf yadda ka ba mu, a gwada jininta da hawan jini a yi sikanin. Wata huɗu yanzu, ka lissafa watan haihuwar, in zai faɗo cikin ruwa to tun wata tara bai kama ba ta koma gidan wani ɗan uwa kusa da asibitin da ake yin aiki, ku a wajenku ga Ringim ga Jahun, kuma na Jahun na da sashen jarirai. Da ciwo ya fara a tafi, ba rubutu ya hana ba amma a sha a mota. Kar kowa ya sake yi mata allura a gida. In likita ya ce sai an yi aiki ka sa hannu a take kar a tsaya neman wanda zai ba da izini. Kuma a ajiye kuɗin mota da wanda zai ba da jini tun yanzu.

Hajiya_Yar_Gaya:
Kuma ka zaunar da ita ka ce mata kunya ba ta cikin naƙuda. Mu aka yi wa wannan tarbiyyar, mun ga abin da ta ci mana.

Dan_Taura:
Na gode ƙwarai jama'a, daren jiya na karanta mata duka, da na zo kan labarin Maman Walida da na Sani ta yi kuka sosai don ita duk zatonta zuwanta rafi ne ya jawo. Mun shirya ranar Litinin za ta awo. Inna ban gaya mata komai ba tukuna ina neman yadda zan ɓullo mata, wataƙila in kai ta ta ji daga bakin likita. Matsalata yanzu gashin, sun ce duk sati biyu, kuɗin mota ni da uwar zuwa da dawowa ba kaɗan ba ne ga aikin gona ya taso. In mun je sau ɗaya a wata zai yi amfani?

Mai_Gashi_Kano:
Zai yi in har kuna yi a gida kullum, don ainihin aikin a hannun uwa yake, mu koyarwa muke. Ku ce a nuna muku a jikinsa ku ɗauka a waya. Ta riƙa goya shi ƙafa a buɗe, goyon ma magani ne ga masu harɗewa, a riƙa kifa shi a kan tabarma yana ɗago kai, kar a ja gaɓa da ƙarfi kuma kar a kai shi wajen mai ɗori. Abinci a zaune, kai ɗan sunkuye, kunu mai kauri kaɗan kaɗan, ban da ɗura.

Maman_Walida:
Ɗurar nan ita ta kusa kashe min Walida, kunun huhu yake tafiya. Baban Abba ka sami kafinta ya yi masa kujera mai jingina da ɗan katako a tsakanin cinyoyi da tebur a gaba, ni na garinmu ne ya yi min da ragowar katakon gado. Sai dai ka auna shi tukun, tawa ta farko ta yi faɗi tana zamewa gefe sai da aka cusa tsumma. In maiɗakinka na da waya ta yi min magana ta akwatin saƙo in tura mata hoton.

Binta_Kiyawa:
Maman Walida ni ma ki turo min dan Allah, guda biyu zan sa a yi. Mai_Gashi takardar turawar a ƙaramin asibitinmu zan karɓa ko sai na je Dutse?